Sanusi, ba wayarka ce ba, ka rage zum ka matsa kusa

Sanusi na ga hotunan da ka turo da saƙonka. Ka ce ka ɗauki madubin hangen nesan nan na shago ka je bakin kogin Matan Fada a Argungu, ka ɗora waya a bakinsa don ka ɗauki zalɓe da kirinjijiya, amma duk hotunan sun fito da baƙin zagaye a gefe, tsuntsun kuma dishi-dishi, kana tambaya wai Oga ko in sayar da wayar in ƙara kuɗi in sayi babba. Kada ka sayar da komai. Wayarka lafiyarta lau, ko wadda ta fi ta tsada sau biyar ka ɗora a yadda ka yi wanga aiki haka hoton zai fito.

Fara da duba rubutun da ke jikin madubin, za ka ga 20-60x80. Wancan 80 faɗin gilashin gaba ne, milimita 80, shi ke tattaro haske. 20 zuwa 60 kuma yawan jawowar da yake yi ne. To hasken da ke fitowa ta bakin da kake sa ido ɗan siriri ne, kuma lissafinsa ba wuya, ka raba 80 da lambar da ka murɗa. In kana kan 20 faɗin hasken milimita 4 ne, in ka murɗe har 60 ya koma milimita 1 da 'yan kai. Wato daga 20 zuwa 60 hasken da ke isa kyamarar ya ragu kusan sau 9. Ita kuma waya da ta ga duhu sai ta rage saurin shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, ta ƙara ISO, wato ƙarfin jin haskenta, da kanta, shi ya sa kake ganin hoton da tsakuwa-tsakuwa kuma ya shafe. Daga ganin hotunanka na san a 60 ka bar shi, kowane sabon shiga haka yake yi, gani yake tunda an ba shi 60 ai asara ce ya tsaya a 20. Ni a 20 zuwa 30 nake aiki, ba na wucewa sai in dai so nake kawai in gane wane tsuntsu ne can nesa, ba don hoton da zan nuna wa mutum ba. Kuma 20 ɗin ba kaɗan ba ne fa, babbar kyamarar waya kusan 26mm take a lissafinmu na masu hoto, inda yawan mm shi ne yawan jawowar lenis, ka ninka da 20 ka samu wajen 520mm, a 30 ka kai 780mm. Je ka tambayi kuɗin lenis mai 500mm ko 600mm na Canon ko Nikon ka ji, sannan za ka san abin da ke hannunka.

Baƙin zagayen nan kuma abu biyu ke kawo shi, ko idon kyamarar bai zauna daidai tsakiyar gilashin ba, ko tazarar da ke tsakaninsu ba daidai take ba. Akwai robar nan da ke bakin madubin wadda ake murɗawa ta fito ko ta shige, ita za ka riƙa wasa da ita, ka shigar ka fitar kana kallon sikirin, har sai ka ga bakin zagayen ya fito tsaf kamar an yanka da reza, ba inuwa gefe guda. In gefe ɗaya ya fi duhu to wayar ta karkace, gyara ta. In zagayen ya zauna tsakiya sai ka ɗan ja zum ɗin wayar kaɗan, 1.3 ko 1.5, har baƙin ya fita daga kusurwoyi, ka tsaya nan. Wasu ma ba sa ja ko kaɗan, su ɗauka da zagayen daga baya su yanke, kuma wannan ba laifi ba ne don zum ɗin waya a nan yanka ne kawai take yi ba wani ƙarin kyau.

Ga wani abu da zai rikita ka in ba a gaya maka ba. Wayarka ido uku gare ta a baya, madubin kuma da ido ɗaya kawai yake aiki. Ka nemo babban, wanda ke aiki in kana kan 1x, ka rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya za ka gane shi. Shi za ka saita. Wasu wayoyin da ka ja zum ya kai 2x ko 3x, ko suka ga kamar abu ya matso kusa, sai su tsallaka zuwa wani idon ba tare da sun tambaye ka ba, kawai ka ga sikirin ya yi baƙi ƙirin ka ɗauka waya ta lalace. Shiga Pro a cikin kyamarar, wato wurin da kake saita komai da hannunka, yawanci a nan tana tsayawa kan idon da ka zaɓa, in kuma akwai makiro na otomatik, wato tsarin ɗaukar abu na kusa-kusa, ka kashe shi. Filasha ma a kashe, ba abin da za ta haska a mita 30.

Yanzu riƙe waya da hannu a bakin madubi, wanda na tabbata shi ka yi. Ana yi in tsuntsu ya zo ba shiri, amma ba aikin da za ka dogara da shi ba ne, numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da ita daga tsakiya. Ana sayar da adafta mai maƙale waya da bakin madubin, in ka samu ka duba mai sukurori na saitawa sama da ƙasa da gefe. In ba kuɗi ka haɗa naka, ka samo tsohon kes na wayarka mai tauri ba mai laushin nan ba, ka je wajen masu kayan famfo da madubin a hannunka ka gwada guntun fayif ko soket da zai shiga bakin ya kama, in ya ɗan yi sako-sako ka naɗa salatif daga ciki. Ka yanke shi gajere, ka saita shi a kan ramin babbar kyamarar kana kallon sikirin, ka zana da biro, sannan ka liƙe da gam mai ƙarfi ka bar shi ya kwana. Kada ka liƙa da wayar a ciki, tururin sufa gulu na barin farin tabo a gilashi. Adaftan da aka yi wa waya ɗaya irin wanga sau da yawa ya fi na kasuwa saurin ɗorawa, don ba sai ka tsaya saiti kowane lokaci ba, tsuntsu kuwa ba ya jiran saiti.

Sai maganar girgiza, kuma a nan rabin hotunanka suka mutu. Duk abin da madubi ya jawo sau 30, motsin ma ya ninka shi sau 30. Sitan ɗin da ka ɗauka na fitilar situdiyo ne, bai da nauyi, ka ɗauki mai ƙafa uku na bidiyon biki, kansa ma ya fi santsin juyawa. Kada ka zaro sandar tsakiya, kada ma ka buɗe ƙafafun duka in ba dole, ka zauna a ƙasa ko kan ɗan kujera ka rage masa tsawo, ya fi tsayuwa, iska ba ta kaɗa shi sosai, kuma hoton tsuntsun ruwa ya fi kyau in kana daidai da idonsa ba kana leƙo shi daga sama ba. A fadama ka danna ƙafafun cikin laka su zauna, ka rataya jakarka a ƙugiyar tsakiya ta ƙara masa nauyi. Kuma kada yatsanka ya taɓa sikirin lokacin ɗauka. Sa taima na daƙiƙa 2 ko 3, ko ka jona iyafis mai igiya ka danna maɓallin ƙara murya, yawancin wayoyi na ɗauka da shi, ko ɗan rimot ɗin nan na bulutut da ke zuwa da sandar salfi. Cikin kwalekwale kuwa kada ma ka ɓata lokacinka, madubi ba ya tsayawa cak a cikinsa.

Fokos kuma madubin ne ke yi, wayar tana ƙarasawa ne kawai. Ka fara nemo tsuntsun a 20, ka murɗa fokos na madubin a hankali kana kallon sikirin, ka wuce kaɗan ka dawo har ka ga idon tsuntsun ya fito, ido nake cewa ba fiffike ba ba ciyawar gabansa ba. Sannan ka danna kan tsuntsun a sikirin ka riƙe har ya kulle, in ba haka ba waya za ta yi ta kai da kawo tsakanin tsuntsun da karan da ke gabansa. Bayan ka kulle ka ja hasken ƙasa kaɗan, musamman ga balbela da duk wani farin tsuntsu, don waya na auna duhun ruwa da ciyawa sai ta ƙone farin ya zama fili ba gashi ko ɗaya, abin da ya ƙone kuma ba editin da zai dawo da shi. Kirinjijiya ma haka, jikinta duhu fuskarta fara, ka auna da fuskar. In kana Pro ka yi ƙoƙari shota kada saurinta ya sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa in akwai haske. Kuma ka ɗauka da yawa a jere, cikin goma watakila ɗaya ne zai fito ras, wannan ba gazawa ba ce haka aikin yake ga kowa. Tsuntsun da ba ya zama wuri ɗaya ka yi masa bidiyo 4K in wayar na yi, kowane firam kusan megafiksel 8 ne, daga baya ka ciro wanda ya yi kyau.

Na duba lokacin da ke jikin hotunan, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Haba Sanusi. A wannan lokacin ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta na rawa, kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta ita ce dai tsakaninka da tsuntsun, madubi kuma jawo ta yake yi tare da tsuntsun. Ko madubi mai tsadar nan na kamfanin Swarovski aka ba ka ba ya maganin wannan. Ka fita bayan sallar asuba ka kasance a wurin kafin rana ta fito, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara shi ne lokacinka, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Rana ta kasance a bayanka. In hazon hunturu ya sauka sosai hoto na nesa zai fito fari-fari ba armashi, ranar sai dai ka nemi na kusa. Kuma duk wanga bayani kan nisa yake komawa, yawan iskar da ke tsakaninku yawan lalacewar hoto. Ƙaramin tsuntsu ka neme shi a mita 10 zuwa 20, babba irin zalɓe ko dinya ko a 40 za ka samu abin kirki, abin da ya wuce haka shaida ce kawai ta cewa ka gan shi.

Matsawa kusa kuma ba bin tsuntsu ba ne. Ka bi shi ya tashi, in kuwa akwai zakaran ƙeƙuwa a wurin to ya tona maka asiri, ihu zai yi ta yi har kowa ya watse. Ka lura da inda suke sauka, bakin ruwa mara zurfi, kunyar shinkafar da aka sa wa ruwa, wani kututture da mai kamun kifin nan baƙi da fari yake komawa kai bayan kowane nutso, ka saita madubin a kan wurin ka zauna jikin wata bishiya ka yi shiru, su za su zo. Farar shadda ka bar ta gida. Ka fara koyo da masu haƙuri, zalɓe zai tsaya cak ya daɗe yana jiran kifi, balbela ta saba da mutane da shanu, hasbiya ma a kan katangar gidanku ta isa ka gwada hannu. Jan baki da tsattsewa ka bar su tukuna. Daga wajen Oktoba zuwa Maris fadamun nan namu daga Argungu har Birnin Kebbi da bakin Neja wajen Yauri suna samun baƙin tsuntsaye da ke zuwa daga Turai gudun sanyi, lokacin ne za ka ga waɗanda ba ka san sunansu ba. Shamuwa kuma sai gab da damina. In Allah ya haɗa ka da gauraka ka ɗauka ko da nesa ne ko hoton bai yi kyau ba, ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, ka rubuta rana da wurin, masu binciken tsuntsaye irin na cibiyar APLORI da ke Jos suna tattara irin wanga bayani. Sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya kada ka matsa mata, uwar ta tashi rana ta kashe su ko shirwa ta ɗauke, hoto bai kai nan ba.

Abu na gaba ka ji shi da kyau don ya fi hoton muhimmanci. Doguwar aba baƙa a kan ƙafa uku, mutum tsugune a bayanta cikin ciyawa da sassafe, a halin da ake ciki yanzu ka san abin da mai hangowa daga nesa zai zata. Duk inda ka je ka fara gaida masu gona da masunta, ka nuna musu abin, ka bar su su leƙa su ga tsuntsu a sikirin, za ka ga har su riƙa nuna maka inda agwagin ruwa ke kwana, sun fi mu sanin wurin nesa ba kusa ba. Kada ka juya shi wajen gada ko shingen jami'an tsaro, kada ka juya shi inda mata ke wanki ko wanka, ko da tsuntsun zinariya ne ya sauka a wurin. Daji mai nisa kuma ba kai kaɗai ba, wurin da aka ce ba lafiya ba a zuwa.

In ka dawo kada ka goge gilashin da bakin riga, ƙurar nan yashi ce tana karce shi, ka fara hure shi da ɗan famfon roba da muke share kyamara da shi, sannan ƙyallen tabarau. Idon wayar ma ka goge kafin ka ɗora, maiƙon yatsa kaɗai na sa hoto ya yi hazo. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ba mu da biki da safe, sai mu fita tare, ka haɗa adaftan kafin nan, ka cika caji ka zo da fawa bank don sikirin a buɗe yake cin batir. Hotunan da za ka ɗauka kafin ranar ka turo min su a matsayin dokumen, in ka tura su haka kawai WhatsApp matse su yake yi ba zan iya gane ko fokos ne ya kuɓuce ko girgiza ce ba.