Prednisolone da ƙafar da ke hana barci

'Yar'uwa daga Daura, kin ce tun da aka ɗora ki kan prednisolone saboda asma, da dare sai ki ji kamar tururuwa na yawo cikin ƙafafunki, sai kin tashi kin taka. Sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Maganin yana hana barci, yana kuma rage sinadarin fotasiyam a jiki har ƙafa ta riƙa ɗaurewa. Saboda hana barcin ne aka fi shan sa da safe. Don Allah kada ki daina shi lokaci guda, akwai haɗari. Likita ne zai rage miki a hankali. Ki roƙe shi a auna sinadarin ƙarfe na jininki, ƙarancinsa na yawan jawo wannan matsala ta jin kamar tururuwa a ƙafa. Piriton (maganin mura da ƙaiƙayi) da shayin dare ma suna tsananta ta.