Amsar Baffa: Abin da ake faɗa da abin da ake rufewa a tarihin mutum

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Kin ce kina so ki fara rubuta 'yan ƙananan littattafai a kan rayuwar masu zane da mawaƙa da marubuta da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, domin yara da matasa. Abu biyu ne suka tsaya miki a rai. Na ɗaya, ko al'ada ta yarda a jera mawaƙi ko mai zane inda aka saba jera malamai da sarakuna. Na biyu, ko ya dace ki taɓo aibin wanda ya riga mu gidan gaskiya, alhali kin tashi kina jin cewa mamaci alherinsa ake faɗa. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don sai mai ganin girman mutane yake yin irinta.

Ta farkon ba ta da wuya. Taƙaita rayuwar mutum a 'yan shafuka tsohuwar al'ada ce, kuma ba ta al'umma ɗaya ba. Plutarch, mutumin Girka, ya yi wa manyan Girkawa da Rumawa haka wajen shekara ta 100 miladiyya. Malaman Musulunci kuwa sun mai da abin fanni guda, suna kiran kowane gajeren tarihi tarjama. Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a 845, ya ware juzu'in ƙarshe na littafinsa Ɗabaƙat ga mata zalla. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya tara mutum sama da 800, kuma a cikinsu akwai wazirai, akwai alƙalai, akwai masu waƙa. Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta tarihin malaman Malikiyya yana Marrakesh, inda aka kai shi dole bayan Maroko ta ci Songhai a 1591. Mawaƙa ma ba a bar su a baya ba: tun ƙarni na 10 Abul Faraj al-Isfahani ya cika Kitabul Agani da labarin masu rera waƙa, maza da mata, 'ya'ya da bayi. Masu zane kuma Giorgio Vasari ya buɗe musu ƙofa a Italiya a 1550. To kin ga ba sabon abu kika ƙago ba, sahu kika tarar kika shiga.

Ta biyun ce ke buƙatar zama. Hadisin da ke cikin Bukhari ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Zagi aka hana, kuma ina tare da wannan hanin ɗari bisa ɗari. Amma ki lura, malaman da suka rawaito mana shi su ne kuma suka kafa ilimin tantance masu ruwaya, inda za ki ga an rubuta ƙarara cewa wane mai yawan mantuwa ne, wane kuwa ba a karɓar maganarsa. Ba su ɗauki wannan gulma ba, saboda jama'a za su dogara da abin da mutumin ya faɗa. Daga nan ne ni na ɗauko ma'aunina: duk abin da ya shafi aikin da duniya ta san mutum da shi, haƙƙin mai karatu ne ya sani, daɗi ko ɗaci. Abin da ya tsaya tsakaninsa da iyalinsa da Ubangijinsa, ki rufa masa asiri, Allah Ya rufa miki naki.

Kafin ma a kai ga wannan, sai kin tabbatar abin ya faru. Vasari ɗin nan da na ambata ya rubuta cewa wani mai zane, Andrea del Castagno, ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano saboda hassada. Aka yi ta kwafar labarin daga littafi zuwa littafi wajen shekara 300, har sai da masu bincike suka buɗe tsoffin takardun birnin Florence. Me suka gani? Wanda aka ce ya yi kisan ya mutu a 1457, wanda aka ce an kashe kuwa ya rayu har 1461. Kwanan wata biyu kawai suka wanke mutumin da aka shafa wa jini a kabarinsa. Abin yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna, don ba shi da bakin kare kansa. Saboda haka kada ki raina aikin duba shekarar haihuwa da ta rasuwa, komai gajiyar da ke cikinsa. Labarin da ya fi daɗi a kunne shi ya fi buƙatar shaida.

Akwai kuma gaskiyar da take zama zalunci idan aka ba ta wurin da ya fi ƙarfinta. Mai zane Vincent van Gogh ya yanke kunnensa a Disamban 1888, a garin Arles na Faransa. Gaskiya ne, kuma rashin lafiyarsa ta shafi aikinsa, don haka ki faɗa. Amma layi biyu sun isa. Mutumin da ya mutu yana da shekara 37, ya bar zanen fenti sama da 800 da ya yi cikin kimanin shekara goma, bai kamata yaro ya rufe littafi bai riƙe komai game da shi ba sai kunne. Ki ba ƙaninsa Theo wuri, wanda ya riƙa aika masa kuɗi da fenti. Ki ba matar Theo, Johanna, wuri, don ita ta riƙe zanukan bayan 'yan'uwan biyu sun mutu wata shida tsakani, ta yi ta baje kolinsu, ta kuma buga wasiƙun da Vincent ya rubuta wa Theo a littafi a 1914.

Sai dai in gaya miki gaskiya, a 'yan littattafan yara ban cika jin tsoron tonon silili ba. Abin da na fi tsoro shi ne kirari. A wanke mutum tas, a cire masa fushi da abokan tafiya da shekarun wahala, har ya tashi daga mutum ya koma tatsuniya. Dubi yadda ake ba da labarin Rosa Parks: wai wata baiwar Allah ce mai ɗinki da ta gaji da aiki, ranar 1 ga Disamba 1955 a Montgomery ta Amurka, sai ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas. Ita da kanta ta musanta cewa gajiyar jiki ce. Shekararta 42 a lokacin, kuma tun 1943 take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, tana bin kadin zaluncin da ake yi wa baƙar fata. Wata tara kafin ita, an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan irin wannan ƙin tashi. Daren da aka kama Parks, wata malama, Jo Ann Robinson, da ƙungiyarsu ta mata suka kwana buga takardun kira ga jama'a. Aka ƙaurace wa bas kwana 381, talakawa suna tafiya aiki a ƙasa. Parks kuma ta rasa aikinta, ala tilas ta ƙaura Detroit a 1957. Yarinyar da aka ba labarin farko za ta zaci gyara sa'a ce ta rana ɗaya. Wadda aka ba na biyu za ta gane akwai taro da rubutu da haƙuri da asara, kuma ita ma tana iya shiga.

Haka Nelson Mandela. Ki faɗi shekara 27 da ya yi a kurkuku da yafiyar da ya fito da ita a 1990, amma kada ki tsallake cewa a 1961 yana cikin waɗanda suka kafa reshe mai ɗauke da makamai na ANC, ƙungiyar da ta yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. In kika ɓoye wannan don ki kyautata masa, kin rage wa yafiyar tasa nauyi.

Tunda kin ce kina tunanin farawa da Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, ga yadda ma'aunin zai yi miki aiki. Aure sirrin gida ne, kuma ta yi shi fiye da sau ɗaya. Wannan ba sai kin tsaya a kai ba. Amma aurenta da ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka Stokely Carmichael a 1968 dole ya shiga, domin shi ya sa aka soke mata wasanni a Amurka har ta koma Gini da zama. Dole kuma ki faɗi 1960, shekarar da mahaifiyarta ta rasu, ta nemi komawa Afirka ta Kudu jana'iza, ta tarar an soke mata fasfo. Sai jawabinta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, sai komawarta gida a 1990. Rasuwar 'yarta tilo a 1985 ki ambace ta da ladabi, ki wuce. Sannan ki bar wa waƙoƙin fili sosai, ki gaya wa yaro da wane harshe ta rera su, kuma me suke cewa.

In kin gama babin farko ki turo mini in duba shekarun tare da ke. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa alƙalaminki ya amfani jama'a.

Baffanki.