Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan konsila da cinikin aya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, ka ce wani ya kira ka daga Dubai yana son aya kontena guda, kana tambaya ko ambasad da konsila namu na waje suna da amfani ga ɗan kasuwa, ko aikinsu fasfo ne kawai. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don irin wannan cinikin ne ya kusa tashina daga kasuwa.

Suna da amfani, amma tun kaya ba su tashi ba. Nijar tana da konsila a Dubai, kamar yadda take da shi a Jidda da Kano. Ka rubuta musu, ka haɗa da lambar rajistar kasuwancinka da NIF, wato lambarka ta haraji, ka ba su sunan kamfanin da lambar lasisinsa, ka roƙi a duba maka ko akwai shi da gaske. Ka fara bi ta shambar ɗinmu ta ƴan kasuwa nan Maradi, wasiƙa mai hatiminsu ta fi ta mutum shi kaɗai nauyi. In amsa ta yi jinkiri ka sake rubutawa, kada ka ji kunya, don kai aka buɗe wurin.

Ni riɗi ne nawa. Wani dillali ɗan garinmu da ke zaune bakin teku ya ce ya samo mini mai saye. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi, har yana ce wa mahaifiyata inna! Na bi ƙauyuka na tara kaya, rabi da kuɗina, rabi bashi hannun manoma. Ashe da ya je yin takardun jirgi, sunansa ya sa a matsayin mai kaya. Riɗi ya isa, aka biya shi, ya kashe waya. Da na kai kuka ofishin ƙasarmu na can, sun karɓe ni da mutunci, har sun kira wasu mutane saboda ni, amma mai kula da harkar kasuwanci ya buɗe takardun a gabana ya nuna mini da yatsa: babu sunana ko wuri guda. Me zai yi mini?

Ba asarar kuɗin ta fi ci mini rai ba. Wani dattijo ne daga wajen Gidan Rumji da ya ba ni buhunansa a kan amana. Ya zo ya zauna a zaurena kan tabarma, aka kawo mishi ruwa bai sha ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi auren ɗiyarsa ya matso. Sai da na sayar da filina na biya shi da sauran. Shi kuwa dillalin, na ji har Makka ya je bayan nan. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka kula da hanya kuma. Mun ga rufe iyakar Najeriya a 2019, mun ga takunkumin 2023, kayan da muka saba fitarwa ta Kwatano suka koma zagaye ta Burkina zuwa Lome, kuɗin mota ya hau. CNUT, hukumar masu shigo da kaya da fitar da su ta Nijar, tana da wakilai a tashoshin jiragen ruwan nan, ka sa a nuna maka ofishinsu kafin ka miƙa wa kowane taranzita, wato mai fitar da kaya a duwan, takardunka. Takardar asalin kaya da ta lafiyar amfanin gona, da takardar jirgi, duka sunanka ne zai hau, ka gani da idonka.

Abin da ke ƙona mini rai, ayarmu har Sifaniya take zuwa, a Balensiya suna yin kununta suna sayarwa, amma ribar tana hannun masu shiga tsakani. Japan tana da JETRO, Koriya ta Kudu tana da KOTRA, ofisoshi ne a ƙasashe da yawa da cikin aikinsu akwai nema wa kayan ƙasarsu kasuwa da kai ƴan kasuwarsu baje koli. Mu ma a sa mana mutum a kowace ambasad wanda ya san babbar aya da ƙarama, ya san fatar jar akuya, wanda zai ɗaga waya in ɗan Maradi ya kira. Manyanmu na shambar da ke cikin gidan nan, don Allah ku isar da wannan magana Yamai.

Ƙanena, ka aika mishi samfur tukuna. Kuɗi ta banki, ba ta hannun wani ba, ko da ɗan ɗakinku ne. Kuma kada ka ɗauki ayar manoma bashi sai kafin alƙalami ya shiga asusunka.