Yaya zan gane ɗanyen zinare a jikin dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci wani farin dutse a gefen rafi, jikinsa da ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa suna ƙyalli. Wasu sun ce zinare ne, wasu sun ce a'a. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka biye wa ƙyalli, shi ya fi yaudarar mutane. Abin da aka fi ɗauka a matsayin zinare shi ne farayit, ma'adinin da ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta, sai kuma ɓarɓashin maika, wani ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa fale-fale.

Fara da allura. Zinare laushi gare shi: taurinsa 2.5 zuwa 3 ne a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, farayit kuwa 6 zuwa 6.5. Idan ka danna allurar ta lotsa wurin ko ta bar zane, alama ce mai kyau. In ka ɓamɓaro ƙwaya guda, buga ta da guduma. Zinare baje wa yake yi ya zama fale-fale, farayit sai ya farfashe ya zama gari, wani lokaci har da warin farar wuta. A ganina wannan gwajin ya fi sauran raba gardama.

Sai nauyi. Zinare tsantsa ya ninka ruwa nauyi sau 19.3, dalma 11.3, farayit kusan 5 kacal. Shi ya sa idan aka wanke yashi a kwano, zinare ke kwanciya a ƙasa, maika kuma ta bi ruwa. Ka kuma goga ƙwayar a bayan tangaran inda babu sheƙi: zinare zai bar layi ruwan ɗorawa, farayit baƙi-baƙi mai ɗan kore.

Dubi siffa ma. Farayit yakan fito da kusurwoyi masu kaifi, zinare kuwa yawanci ƙwaya-ƙwaya ne, ko zare-zare, ko curi marar tsari. Zinare ba ya tsatsa, kuma launinsa ba ya sauyawa ko ka juya shi a inuwa.

Farin dutsen naka wataƙila kwaz ne, wanda jijiyoyinsa kan ɗauki zinare, amma farayit ma nan yake zama, sau da yawa tare ake samunsu. Ɗanyen zinare kuma da wuya ya rasa azurfa a ciki, gwargwadon yawanta launinsa ke yin fari-fari.

Gwajin asid ka bar wa masu ɗakin gwaji, yana ƙona fata, tururinsa kuma na cutar da huhu. Su ne za su auna maka yawan zinaren da ke cikin dutsen.