Ragin kashi 70 da agogon da ke gudu

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Akwai shafukan sayayya da ke sa garaɓasa ta ɗan lokaci, ga agogo yana ƙirgawa a gefe. Kwanaki na ga blanda an rubuta ragin kashi 70 cikin ɗari, saura minti goma. Jikina na rawa na biya, har na haɗa da wata jaka da ban yi niyyar saya ba. Bayan mako biyu sai ga blandar a wani shafi, kuɗinta kusan ɗaya da abin da na biya, kuma ba ragin komai. Duk yaudara ce, ko in daina kawai? Daga wata mai karanta wannan fili.

AMSA: Ƙanwata, ba duka ne yaudara ba. Asalin wannan kasuwanci hanya ce ta fitar da kayan da suka yi kwantai. Shafin Vente-privée da aka kafa a Faransa a 2001, wanda ya koma Veepee a 2019, ragowar kayan manyan kamfanoni yake sayarwa cikin 'yan kwanaki, Woot na Amurka kuma ya fara a 2004 da kaya ɗaya tak kowace rana. Idan kamfani na son kwashe tsohon samfuri kafin sabo ya fito, ragin na gaskiya ne.

Agogon nan ne abin tsoro. An sa shi ne don kada ki samu sukunin leƙa wani shafi. Wani ma ba ya ƙirga komai. A farkon 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken shaguna 399 na intanet, aka samu 42 da agogon ƙarya: lokaci ya cika, ragin na nan daram. Gwada shi ba wuya. Ki buɗe shafin a wata wayar daban. In taki ta ce saura minti uku, waccan ta ce saura minti goma, kin gane da wa kike ciniki. Haka ma rubutun nan na "saura biyu kacal", ni ban cika ba shi muhimmanci ba.

Sai farashin da aka ja wa layi, wanda shi ne ya ci ki. Kashi 70 na me? Mai shago na iya rubuta kuɗin da bai taɓa sayar da kayan a kai ba, ya soke, ya rubuta farashin kullum a ƙasa da jan rubutu. Shi ya sa tun 2022 dokar Tarayyar Turai ta ce mai tallan ragi ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sa wa kayan cikin kwana 30 da suka wuce. Inda ba irin wannan doka, ke za ki yi wa kanki aikin. Abin da kike so, ki ɗauki hoton farashinsa makonni kafin manyan ranakun garaɓasa irin su Black Friday da 11 ga Nuwamba, ranar da kamfanin Alibaba na China ya mayar ta kasuwa tun 2009. Ki kwafi lambar samfurin, ki nema a shafuka biyu ko uku. Masu saye a Amazon na da shafin CamelCamelCamel, wanda ke nuna yadda farashi ya hau ya sauka.

Blandar dai kin saya a kuɗinta. Jakar ce asara, don ba ki shigo da niyyarta ba. Ki riƙa rubuta abin da kike buƙata da iyakar abin da za ki biya tun kafin a buɗe garaɓasar, ki kuma kashe sanarwar manhajar, wadda aikinta ke nan tuna miki da abin da ba ki rasa ba.

Kafin ki danna biya, ki dubi jimillar ƙarshe, don kuɗin kawowa da haraji kan cinye ragin. Ki karanta sharaɗin mayarwa: wasu kayan garaɓasa in an saya an saya. A sharhin masu saye, ki tsallake masu yabo, ki je wurin waɗanda suka ba da tauraro biyu ko uku suka kuma sa hoto. Su ne za su gaya miki ko girman ya yi daidai da na talla.

Kada ki shiga ta adireshin da aka turo miki a WhatsApp, ki rubuta sunan shafin da hannunki. Hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke gefen adireshi ba shaidar amana ba ne, shafukan damfara ma suna da shi. Mai sayarwa ya ce ku fita daga manhaja ki tura masa kuɗi kai tsaye don ya ƙara miki ragi, ki ƙi, domin in kaya ba su zo ba, shafin ba zai karɓi ƙorafinki ba.