Me ya sa albashi ba ya kai ƙarshen wata a babban birni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata biyu da shigowa babban birni bayan na gama difloma. Wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya kai ni wata masana'anta, inda nake tsayuwa awa 12 kullum, kwana shida a mako. Albashin kan ƙare kafin 20 ga wata, sauran kwanakin sai bashi. Na nemi ƙari, aka ce in ban so ga ƙofa nan. Gari cike da dukiya, me ya sa ladan aiki ya ƙasƙanta haka? Kuma in ajiye aikin ne, ko in koma gida, ko in ci gaba da haƙuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nemanka albarka. Maganar nan da aka faɗa maka, ga ƙofa nan, a cikinta amsar tambayarka ta farko take. Mai masana'anta ba ya auna albashi da yawan gumin da ka zubar, ko tsadar hayar ɗakinka. Abin da yake dubawa shi ne, in ka tafi yau, yaushe zai sami wani, kuma kwana nawa sabon zai yi kafin hannunsa ya faɗa. Idan da safe zai tarar da mutum ashirin a bakin ƙofa, kuma aikin na koyuwa cikin yini biyu, albashin zai zauna a ƙasa ko da kamfanin na ɗibar riba. Wannan ba adalci ba ne, amma haka lissafin yake tafiya, kuma sai ka san shi za ka san inda za ka taɓa.

Layin bakin ƙofar nan ba ya ƙarewa, kuma da dalili. A 1970 masana tattalin arziki biyu, John Harris da Michael Todaro, sun bayyana cewa mutum ba ya barin ƙauye don yana da tabbacin aiki a birni. Yana kwatanta abin da yake samu a gida da babban albashin da ya ji wasu na ɗauka, ya haɗa da fatan shi ma zai dace. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe sababbin guraben aiki, labarin kan jawo mutane fiye da guraben. Waɗanda ba su dace ba sai su bazu cikin talla, dako, gadi da aikin yini. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna irin wannan aikin da ba rajista, ba takardar yarjejeniya, ba fansho. Da yawansu za su karɓi wurinka da murna a kan abin da kake ɗauka yanzu. Ita kuwa difloma, a inda masu ita suka yi yawa, amfaninta ya koma tace masu nema kawai: tana shigar da kai layi, amma ba ta ƙara maka kuɗi.

Akwai abu na biyu da ba a cika lura da shi ba. Birnin babba ne, amma kasuwar aikinka ƙarama ce. Iyakarta ita ce inda kuɗin motarka zai kai ka, da 'yan awannin da suka rage maka bayan tashi. Mai tsayuwar awa 12 ba ya iya zuwa ganawar neman aiki da rana, wanda kuma ba shi da ajiyar ko da mako biyu ba ya iya cewa a'a ga tayi maras kyau. Mai masana'anta ya san da haka. Sannan ga ɗan tsakiya: masana'anta tana biyan kamfanin da ya kawo ka wani adadi a kan kowane ma'aikaci, shi ya cire nasa, ya miƙo maka saura. Shi ya sa za ka ga wanda masana'antar ta ɗauka da kanta yana tsaye kusa da kai, aikinku ɗaya, amma ya fi ka albashi, ga hutu ga kuɗin asibiti.

Kafin ka yanke shawara, zauna da biro da takarda ka fitar da ainihin abin da awarka take kawowa. Awa 12 sau kwana 26 ya ba da awa 312 a wata. In zuwa da dawowa na cin awa uku kullum, ƙara 78, ya zama 390. Yanzu ka ɗauki albashinka a matsayin kashi 100. A ce kuɗin mota da abincin da dole ka saya a wurin aiki sun cinye 30, abin da ya shigo aljihunka 70 ne a kan awa 390. Kwatanta da wani aikin da zai biya ka 85 kacal, amma awa takwas ne, kuma tafiyar rabin awa ce a ƙafa. Da awa ɗaya ta zuwa da dawowa ya zama awa tara, sau 26 ya ba da 234, in ka kashe 10 saura 75. Aikin da ake ganin ya fi ƙarancin albashi ya bar maka kuɗi fiye da na farko, ya kuma mayar maka da awa 156 kowane wata, lokacin da za ka iya koyon sana'a ko neman abin da ya fi. Yawancin masu canza aiki a nan suke kuskure, suna kallon adadin da aka ambata kawai. Ka yi wannan lissafi da naka alƙaluman, har da tarar makara da duk wani yanke da ake yi maka.

Sai batun haƙƙi. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ta ƙayyade aikin masana'antu a awa takwas a yini, 48 a mako. Kai kana yin 72, wato ƙarin awa 24 kowane mako. Yarjejeniya mai lamba 95 ta 1949 ta ce a riƙa biyan albashi a kan kari, kuma kada a yanke komai sai abin da doka ko yarjejeniyar ma'aikata ta yarda. Mai lamba 181 ta 1997 ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki kada ya karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci. Sai dai waɗannan suna hawa kan ƙasar da ta amince da su ne, don haka abin da zai yi maka aiki shi ne dokar ƙwadago ta ƙasar da kake. Ka nemi sanin abu uku a cikinta: mafi ƙarancin albashi da irin kamfanonin da ya shafa, domin wasu ƙasashe na keɓe ƙananan kamfanoni, yadda ake biyan aikin ƙarin lokaci, da kuma wanda doka ta ɗauka a matsayin mai aikinka, masana'antar ko ɗan tsakiyar. A kan na ukun nan ake yawan yi wa ma'aikata wasa da hankali, kowane ya tura su wurin ɗayan.

Ƙorafi ba ya tafiya sai da shaida. Daga yau ka riƙa rubuta lokacin shigarka da na fitarka a ɗan littafi, ka adana saƙon banki na kowane wata, ka ɗauki hoton duk takardar da ka sa wa hannu. Kuma kada ka je kai kaɗai. Mutum ɗaya ana sallamarsa cikin minti biyar, amma sashe guda da ya je da buƙata ɗaya a rubuce, ta hannun ƙungiyar ƙwadago ko ofishin kula da ma'aikata na gwamnati, sai an zauna da shi. Za a ce muku ƙarin albashi zai jawo rage ma'aikata. Ba kullum haka take ba. Binciken David Card da Alan Krueger na 1994 a Amurka ya duba gidajen sayar da abinci bayan jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a 1992, bai ga raguwar ayyuka ba. Ƙari mai matsakaici sau da yawa yana fitowa ne daga ribar kamfani da kuma kuɗin da ya daina kashewa wajen ɗaukar sababbi idan ma'aikata suka rage barin aiki.

To, ka ajiye aikin? Shawarata kada ka saki reshe ka kama ganye. Mai aiki a hannu ya fi ƙarfin ciniki, kuma masu ɗauka sun fi yarda da shi. Abin da za ka sa gaba shi ne ka fita daga sahun waɗanda ake maye gurbinsu cikin yini guda, kuma hanya mafi kusa tana cikin masana'antar da kake. Dubi waɗanda in ba su zo ba aiki ke tsayawa: mai saita inji, mai gyaran lantarki, mai walda, direban motar ɗaga kaya, mai riƙe lissafin sito, mai duba ingancin kaya. Zaɓi ɗaya, ka kusanci mai yin sa, ka roƙi ya riƙa nuna maka a lokacin hutu ko ranar da ake gyaran injina. In aikin na buƙatar lasisi ko takardar shaida, ka tara kuɗinta tukuna kafin komai. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, tattara sanarwar neman ma'aikata kamar 30 cikin wata ɗaya, ka ƙirga ƙwarewar da ta fi maimaituwa. Kwas da yawa ana sayar da su ne don suna da daɗin suna, ba don ana neman masu su ba.

Wajen nema kuma, aika takardu barkatai ta intanet ba ya cika haifar da komai. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga sanin shanu fiye da aminai, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Direban da ke kawo muku kaya, tsohon abokin karatu, wanda ya bar masana'antarku ya koma wata, su ne ke jin inda ake ɗauka. Ka gaya musu takamaiman abin da ka iya da abin da kake nema, ba kawai a taimaka maka da aiki ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na ajiye gurbi, ko ka bar masa ainihin takardunka na makaranta, ka rabu da shi. Ka kuma yi nesa da bashin manhajojin waya mai ruwa, domin shi ke mayar da giɓin kwana goma ya zama na wata guda.

Batun komawa gida kuwa, kada ɓacin rai ya yanke maka shi, kada kuma kunyar komawa hannu rabbana ta hana ka. Sa wa kanka wa'adi, wata shida zuwa shekara. In ya cika ka ga bashi na raguwa, ko hannunka ya fara faɗawa a wata ƙwarewa, ko an mayar da kai ma'aikacin masana'antar kai tsaye, zamanka na da amfani. In babu ko ɗaya, kuma a gida ko wani matsakaicin gari akwai abin yi da zai bar maka rara bayan haya da mota, ka yi masa lissafin awa irin na sama, ka bi wanda ya fi.