Amsoshin tambayoyinku: gem ɗin dangwale, da wanne za a fara kuma ina kuɗi ke zurarewa

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu guda suke, irin gem ɗin nan da lamba ke ta hauhawa ko kana dangwala waya ko ka ajiye ta. A Play Store da sunan idle ko clicker ko incremental ake nemansu, mu kuwa dangwale muka fi kiransu.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Abokina yana buga wani gem, wai ko barci yake dukiyarsa tana ƙaruwa. Ina so in fara, amma wayata ƙarama ce, RAM ɗinta giga 2, data kuma sai a hankali. Da wanne zan fara?"

Ƙanena, wayarka ta isa. Tsarinsu duka ɗaya ne: ka dangwala ka samu ɗaya, ka tara ka sayi abin da zai riƙa samo maka ba tare da ka taɓa ba, abin da ya samo kuma ka sake zubawa ka sayi wanda ya fi shi. Kiwo ne, daga kaza zuwa akuya, daga akuya zuwa saniya. Ka fara da Cookie Clicker, wanda wani Bafaranshe mai suna Julien Thiennot, da aka fi sani da Orteil, ya fitar a 2013. Biskit kake toyawa, kuma wanda ya gane shi ya gane sauran. A burauzar kwamfuta kyauta ne, akwai kuma na Android. Idan kana da kwamfuta kuma Turancinka ya zauna, ka gwada Universal Paperclips na Frank Lantz, na 2017: rubutu ne da lambobi zalla, kuma yana da ƙarshe, cikin kwana ɗaya ko biyu ka gama ka huta. Antimatter Dimensions ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Masu hotuna masu walƙiya da ke cewa ka kalli bidiyo a ninka maka riba, su ne za su cinye maka data, domin tallar ce ke jan data, gem ɗin kansa abin da yake ci kaɗan ne.

Wani daga Maraɗi ya ce: "A Cookie Clicker na sayi kaka 20, sai abin ya tsaya cik. Ina na yi kuskure?"

Malam, ka zuba jarinka wuri ɗaya. A wannan gem duk abin da ka saya, na gaba yana ƙara tsada da kashi 15 cikin ɗari, wato bayan saye biyar farashi ya ninka, bayan goma ya ninka sau huɗu. Kaka, wato tsohuwar da ke toya maka biskit a gem ɗin, ta farko biskit 100 ce, tana ba ka ɗaya a daƙiƙa. Ta 21 da kake hari yanzu ta haura 1,600, kuma ɗayan nan dai za ta ba ka. Gona kuwa 1,100 ce, tana ba da 8 a daƙiƙa.

Ga lissafin da za ka riƙe a kowane gem irin wannan: ka raba farashin abu da abin da yake samarwa a daƙiƙa, amsar ita ce daƙiƙoƙin da zai ɗauka kafin ya mayar maka da uwar kuɗi. Kaka ta farko daƙiƙa 100, gona ta farko 138, ramin ma'adinai mai farashi 12,000 da ke ba da 47 kuwa 255. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi za ka saya. Da ka sayi kaka uku, ta huɗu ta kai 152, ke nan tun daga nan gona ta fi ta riba. Sannan ka duba layin ƙananan hotuna da ke saman shagon, masu ninka aiki. Na farko na kaka biskit 1,000 ne, kuma yana ninka aikin dukkansu. A wajenka ƙarin 20 ne a daƙiƙa kan kuɗin da bai kai na kaka ɗaya ba. Biskit na zinariya idan ya ɓullo ka dangwale shi, wani lokaci yana ninka samunka sau 7 na tsawon daƙiƙa 77.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta ce: "Sati uku ina tarawa, yanzu gem ɗin yana nuna min wani maɓalli wai in goge komai in faro daga farko. Tsoro nake ji."

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba yaudara ba ce, a nan ma gem ɗin yake farawa. Kina sadaukar da gine-ginenki, a ba ki wata daraja ta dindindin da ke hanzarta zagaye na gaba, sai ki ga abin da ya ci miki sati uku kin maido shi cikin kwana ɗaya ko biyu. A AdVenture Capitalist masu zuba jari ake ba ki, a Cookie Clicker kuma matakin daraja, kowane mataki yana ƙara kashi 1 cikin ɗari. Amma kada ki yi gaggawa. Mataki na farko yana buƙatar biskit tiriliyan 1, na biyu tiriliyan 8, na uku 27, na goma 1,000. Wanda ya goge a mataki na 5 ya yi asarar komai don ƙarin kashi 5. Gogaggun 'yan wasan sukan ce a jira mataki 365 kafin gogewar farko. A sauran gem, alamar ita ce ki ga kin kwana biyu ba abin da kika iya saya, kuma ladan gogewar zai ninka samunki aƙalla sau biyu. Ki kula da maɓalli biyu masu kama da juna: mai ba da lada, da wanda ke cikin saituna mai share komai ba ko sisi.

Wani matashi daga Kano: "Wane gem ɗin dangwale ne zai fashe bana? Ina so in sayi babur."

Wannan tambayar ta gajiyar da ni. Babur da sana'a ake sayensa. Na san daga ina zancen ya taso: Notcoin, gem ɗin dangwale na Telegram mai raba kuɗin kirifto, ta fashe a watan Mayun 2024, wasu suka samu wani abu, sai gari ya ɗauka. Hamster Kombat ya biyo baya a Telegram, masu shi suka ce mutum miliyan 300 sun shiga, aka yi wata shida ana dangwale a majalisa da cikin A Daidaita Sahu, ranar 26 ga Satumba aka yi rabo, mutane da yawa abin da ya faɗo musu 'yan daloli ne da ba su biya kuɗin data da na caji ba. Tuwo ɗaya ne, idan masu ci sun kai miliyan 300 loma nawa za ta zo hannunka? Ribar masu shi tana cikin bidiyon da suka sa ka kalla da abokan da ka jawo musu. Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗi kafin ka cire naka, ko ya nemi kalmomin sirri 12 na walat ɗinka, ɓarawo ne, ka toshe shi.

Wata uwa daga Katsina ta rubuto: "Ɗana mai shekara 12 yana buga gem ɗin haƙar ma'adinai a wayata. Kwana uku ke nan alat na cire kuɗi yana shigo min. Ya rantse bai san kuɗin gaske ba ne. Ya zan yi?"

Hajiya, sannu, Allah ya mayar da alheri. Ki yarda da yaron, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin an tsara shagon gem ɗin ne yadda kuɗin wasa da na gaske za su yi kama. Yau ɗin nan ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki a sama, ki shiga Payments and subscriptions. A Subscriptions ki soke duk rijistar da ba ki sani ba, don wasu duk sati suke cira. Ki kunna tantancewa yadda ba za a sayi komai ba sai da kalmar sirri ko yatsanki, sannan ki cire katinki gaba ɗaya. Sayen da bai wuce awa 48 ba kina iya neman Google ya mayar miki. Wanda ya wuce sai ki rubuta wa kamfanin gem ɗin. Idan katin waya ma yana raguwa, ki danna *305# ki duba ko wata talla ta yi miki rijista.

Bari in tsaya a nan, domin ba yara kaɗai ke faɗawa ba, magidanta masu albashi sun fi su. A gem ɗin dangwale abin da ake sayar maka lokaci ne: ka biya a ba ka samun kwana ɗaya nan take. To, a ce samunka yana ninkawa kullum, wanda a farkon wasa ma ya fi haka sauri. Bayan sati ɗaya ya ninka sau 128, ke nan abin da ka saya da kuɗinka yau, bayan sati ɗaya gem ɗin zai ba ka shi kyauta cikin minti 11. Ƙaramin ƙunshi yakan kai dala 4.99, idan dala tana naira 1,500, kusan naira 7,500 ke nan, kuɗin tiyar shinkafa har da na mai, a kan abin da zai zama ƙura kafin sati. Akwai ƙunshin dala 99.99, kuma ana ajiye shi ne kusa da ƙaramin don ƙaramin ya yi maka kama da araha. Ku lura da lokacin da tayin ke fitowa: daidai sa'ad da wasa ya yi tsauri, da agogo ja yana ƙirga minti 30 kafin garaɓasa ta ƙare. Da gangan aka gina tsaurin, kuma gobe wata garaɓasar za ta fito. Mafi muni su ne akwatunan sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, ka sake biya don na farko bai yi ba. Wannan ɗabi'ar caca ce, kuma ba na son ganin yaro ya koye ta a wayar uwarsa. Abu biyu kawai nake yarda a biya wa kuɗi: sayen gem gaba ɗaya sau ɗaya, kamar Cookie Clicker da aka sa a Steam a 2021, ko biya ɗaya na cire talla har abada, shi ma sai ka yi wata guda kana buga gem ɗin. Wanda ya tsaya ya ce sai ka biya za ka ci gaba, ka goge shi, akwai ɗaruruwa irinsa.

Wani daga Gombe ya ce: "Mai tura finafinai a kasuwarmu yana da gem da aka buɗe, kuɗin ciki ba ya ƙarewa. In karɓa?"

Kada ka karɓa. Na farko, gem ɗin da daɗinsa tarawa ne, idan an cika maka rumbu tun ranar farko me ya rage? Minti goma ka gaji. Na biyu shi ne babba. Wani ne ya farke manhajar ya sake ɗinke ta, kuma ba ka san abin da ya cusa ba. Shi ma mai turawar bai sani ba, a wani shafi ya kwaso. Wayar nan ita ce mai manhajar bankinka, ita ce lambar OTP ke shigowa. Gem ɗin toya biskit ba shi da hurumin karanta saƙonninka, ko ganin lambobin mutanenka, ko neman izinin Accessibility, wanda ke ba manhaja damar ganin allonka da danna maɓalli a madadinka. Idan ya nemi ɗaya daga ciki, ka cire shi nan take. Manhajojin da ke dangwala maka allo da kansu ma wannan izinin suke nema, don haka kada a sa su a wayar da ke da banki. Ko a Play Store akwai jabu masu aron suna da hoto, sai ka duba sunan wanda ya ƙera: Cookie Clicker na gaske DashNet ne. Duk wanda ya ce ka kashe Play Protect kafin gem ya hau, ya gaya maka abin da ke ciki.

Wani daga Sakkwato: "Na share waya da manhajar goge shara, wasana na wata biyu ya ɓace."

Ya tafi, sai haƙuri. Gem ɗin burauza a cikin ma'ajiyar burauzar yake ajiye ci gabanka, ita kuwa manhajar shara ba ta bambancewa. Nan gaba duk sati ka shiga Options ka danna Export save, ka kwafi dogon rubutun da zai fito ka tura wa kanka a imel ko WhatsApp. Da Import save ake maido shi, ko a wata kwamfutar ce.

Na ƙarshe daga Damagaram: "In bar waya a caji da gem a kunne har safe?"

A'a. Caji da allo a kunne, ga zafin bazara, shi ke kumbura batir, balle a ƙarƙashin matashi. Yawancin na waya suna duba agogo idan ka dawo su biya ka na lokacin da ba ka nan, sai dai wasu suna da iyaka, awa biyu ko makamancin haka. Ka rufe na awa ɗaya ka buɗe ka gani. Cookie Clicker na burauza ba ya tarawa a rufe sai ka sayi wannan damar bayan gogewar farko. Kuma kada ka tura agogon waya gaba don ka yaudari gem, wasu suna ganewa su daskarar da samunka har ranar da ka tura ta zo, ga WhatsApp da manhajar banki su ma su ƙi buɗewa saboda kwanan wata ya saɓa.